Tsakanin "Tare" da "Bi da Bi"

A Gedambaliya ta jihar Gadarif, inda aka soma noma da injina a Sudan cikin shekarun 1940, akwai wani saurayi, jikan Hausawan nan da suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙara gaba ba. Kawunsa dillalin riɗi ne da dawa. Da yake yaron ya karanta kwamfuta, sai aka damƙa masa lissafi, shi kuwa ya kwashe shi daga littafi ya zuba a rumbun bayanai na PostgreSQL.

Da kakar riɗi ta kama, aiki ya yi masa yawa. Intanet ɗin wayarsa ba ƙarfi, kowace tambaya sai ta je ta dawo kafin ya aika wata. Ya bincika, ya tarar tun daga fitowa ta 14, ta shekarar 2021, ana iya tura umarni da dama ta haɗi guda ba sai an jira amsar na farko ba. Ya rubuta a littafinsa: "Suna tafiya tare."

Nan kalma ta yaudare shi. Haɗi guda kamar sikeli guda ne a bakin sito: ko buhu goma aka jera, ɗaya bayan ɗaya ake aunawa. Hatta tsarin MARS da Microsoft ya kawo a SQL Server 2005 karɓa-karɓa yake yi tsakanin tambayoyi, ba ya gudanar da su a lokaci guda. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa, umarnin da aka tura a ɗauri ɗaya makomarsu ɗaya ce. In guda ya gamu da kuskure, rumbun zai tsallake na bayansa, ya kuma warware na gabansa.

Haka ta faru wata Laraba. Ya haɗa awon manoma uku a ɗauri guda, sunan na biyu bai shiga rajista ba, duka ukun suka zube. Bai duba amsa ba, domin hankalinsa na kan masu jiran awo. Bayan kwana biyar wani dattijo ya zo karɓar kuɗin buhu 12, aka nemi sunansa aka rasa.

"Ɗana, ai da idona na ga an auna," in ji kawun.

"Na tura su tare, Kawu."

"Turawa ka yi tare. Wa ya ce maka an karɓa tare?"

Takardar da mai awo ya rubuta da biro ce ta raba gardamar, aka biya dattijon kafin la'asar. Da dare saurayin ya ware wa kowane manomi ɗaurinsa, ya sa manhajar ta riƙa karanta kowace amsa, ya buɗe haɗi na biyu don rahoton wata. Sannan ya ja layi a kan "tare", ya rubuta "bi da bi" a samansa.