Birni Ba Ya Karantuwa Sai A Ƙafa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna da malaman zaure, musamman waɗanda su ke zaune a bayan ganuwar Kano kamata. Maganar kuwa ita ce ta tafiya a ƙafa cikin birni. Na san wani zai yi dariya, ya ce mene ne abin bugawa a jarida ga tafiyar ƙafa, abin da ko jinjiri in ya shekara ya kan fara? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe.

Ni mazaunin Daurawa ne, nan ƙasar Tarauni, maƙwabtan Gyadi-Gyadi. Yawancinmu mutanen wannan yanki ba mu shiga birni sai da dalilin biki, ko ta'aziyya, ko cefane, kuma a cikin mota ko a-daidaita-sahu, a sauke mu a bakin lungu, mu gama abin da ya kai mu, a kwaso mu. 'Ya'yanmu kuwa abin ya fi tsanani gare su. Kwanan baya na tambayi yaran ajina su lissafa mini ƙofofin Kano, wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu ya tsaya a shida, alhali kuwa da na tambayi babban birnin Faransa da na Ingila duk suka ɗaga hannu. Wannan shi ya sa na ɗauki ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara goma sha uku, wata Asabar bayan sallar asuba, muka kama hanyar birni a ƙasa, don in ga abin da idonsa zai kama.

Muka bi hanyar Zariya ta Gyadi-Gyadi, hantsi bai ɗaga ba muka isa Ƙofar Nassarawa. Mai mota ya kan haye gadar sama a nan, bai ma san ya wuce wani abu ba. Mu kuwa muka tsaya, na nuna wa yaron ragowar ganuwa, na gaya masa abin da littafin Tarihin Kano ya faɗa, cewa Sarki Gijimasu jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta cewa kewayenta ya kai wajen mil 15, tsawonta ƙafa 30, ƙofofinta 15. Yaron ya dubi tudun ƙasar da ke gabanmu, ya ce, "Baba, wannan ɗin ce ƙafa 30?" Na ce masa ita ce, amma ruwan sama ya ci rabonsa, masu haƙar ƙasar gini sun ci nasu, masu yanka filaye kuma sun ci wanda ya fi na kowa.

Daga ƙofar muka miƙe har Gidan Makama, wanda a ke cewa nan Rumfa ya zauna kafin ya gina fadarsa, yanzu kuwa gidan ajiye kayan tarihi ne. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903, sa'ad da Sarki Alu ya ke kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Amma abin da na fi so masu karatu su lura da shi in sun je shi ne ginin kansa. Ku ɗaga kai ku dubi yadda aka ɗaura bakan gizo da azara, ku sa hannu ku ji kaurin bango, ku kuma lura da sanyin da ke cikin soron ko da rana ta take. Maginan dā ba su da siminti ba su da ƙarfe, tubali ne da azarar giginya da makuba, amma sun san zafin ƙasarsu, sun yi gini daidai da shi.

Muka fito muka bi ta Ƙofar Kudu, muka zaga gefen Gidan Rumfa har Masallacin Juma'a. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafin nasiha kan yadda a ke riƙon jama'a. Ginin masallacin da mu ke gani yau na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Mai tafiya a ƙasa shi ke gane hikimar da ke cikin shirin wurin nan, gama a ɗan taƙi kaɗan ga fada, ga masallaci, ga kuma hanyar kasuwa, watau mulki da addini da ciniki suna kallon juna, ba wanda zai yi nisa da ɗan'uwansa.

Daga masallaci muka gangara gabas zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda a ke lissafa kafuwarta tun 1498. Muka tarar da wani dattijo a bakin ramin rini, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa Malam, sannunku da zuwa. Wannan ɗanka ne? Matso yaro ka gani." Ya nuna masa yadda a ke haɗa baba da toka da katsi a cikin ramin, a bar su kwanaki su nuna, sa'an nan ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago. Ƙyallen ya fito da ɗan kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a kan idonmu. Dattijon ya ce iskar ce ke gama rinin, shi ya sa a ke tsomawa a ke ɗagowa, ba a barin tufa ta kwanta a ƙasan rami. Yaron ya buɗe baki. Ni kuwa abin da na ƙirga shi ne ramukan da suka bushe, gama sun fi masu ruwa yawa nesa. Dalili ba ɓoyayye ba ne, yadin waje mai araha da rinin kanti sun kashe kasuwar, samari kuma ba su ga abin da za su tsaya su koya ba. Alhali kuwa Barth, Bajamushen nan da a ke kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar nan suna kai wa har Tambutu da Gat da Tarabulus.

Muka juyo muka nufi Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa. A nan mota ba ta da iko ko kaɗan, don lungunan ba su wuce mutum biyu su gitta juna ba. Muka ratsa ta wajen dukawa da masu kayan doki, da masu tagulla, da 'yan koli, da masu sayar da littattafan addini, ko wace sana'a da layinta, har muka ɓullo ta bakin Jakara.

To, a nan ne na ke so in kai ga gindin maganata. Sunayen unguwannin birni littafi ne buɗaɗɗe, amma ba ya karantuwa sai ga wanda ya taka ya tambaya. Sharifai zuriyar Sidi Fari ce, ɗan Shehu Magili. Madabo mazaunin malaman Wangarawa ne, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Zangon Barebari masaukin fataken Barno ne, Tudun Nufawa na mutanen Nufe, Ayagi ta Yarabawa, Agadasawa ta mutanen Agadas. Alfindiki daga kalmar Larabci ta ke, mai nufin masaukin baƙi. Dandalin Turawa kuwa ba na Turawan Ingila ba ne, na Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, gama su a ke kira Turawa tun kafin waɗancan su zo. Ko unguwarmu ta bayan gari, ai mai jin Hausa ya ji Daurawa ya san Daura a ke nufi. Duk wanda ya bi waɗannan lunguna ya ji sunayensu, ba ya bukatar a yi masa wa'azi cewa baƙo ne ya cika Kano, kuma karɓar baƙo ita ta mai da ita abin da ta zama. Yaron da ya san wannan tun yana ƙarami, da wuya ya girma ya ɗauki dutse ya jefi maƙwabcinsa don ya ji yarensa dabam.

Wani abu kuma da mai ƙafa ke gani shi ne kududdufai. Mutane da yawa sun ɗauka ƙazanta ce kawai. Asalinsu kuwa ramuka ne da aka haƙi ƙasar ginin gidaje da ganuwa, sa'an nan suka zama matattarar ruwan damina. Yau an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, in ya rasa kududdufi sai ya shiga ɗakin mutane. Haka nan zauruka. A lungunan da zaure ya ke nan, mun tarar da dattawa a kan tabarma, da almajirai da allunansu, da mai ɗinkin hula, kowa ya amsa sallamarmu, har wani ya aiko mana da ruwa ba mu roƙa ba. Inda aka rushe zaure aka sa ƙofar ƙarfe, ba mu ga kowa ba sai bango.

Da azahar ta gabato muka hau Dutsen Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda. Daga bisa muka hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin masallaci, da Fagge da Sabon Gari, muka kuma yi ta neman layin ganuwa da ido, ta ɓullo nan ta ɓace can, kamar tsohuwar riga da asu ya ci.

Ba na cewa a hana gina hanyoyi ko gadoji, gama jama'a ta yi yawa, dole a yi mata hanya. Ba na kuma cewa mutumin birni ya zauna cikin ɗaki mai yoyo don mu 'yan waje mu zo kallo. Abin da na ke cewa shi ne, abin da mutum bai sani ba ba ya jin zafin rasa shi. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa a madadinta, da yawa cikin masu wucewa ta nan kullum ba su ma lura an sāke kome ba. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da ke jiran hukumar UNESCO ta karɓe su a matsayin kayan gadon duniya. Tsohon garin Agadas kuwa, wanda shi ma ginin ƙasa ne kamar namu, an karɓe shi a 2013. Ba a kan karɓi wuri don girman labarinsa kaɗai ba, sai an ga masu shi suna tsaronsa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar farko kuwa a nan ita ce jahilcinmu da garinmu.

Saboda haka ga roƙona. Na farko, ko wane malamin makaranta da ke Tarauni da Gyadi-Gyadi da Hotoro da sauran unguwannin bayan gari ya keɓe rana guda a shekara ya kai ajinsa birni a ƙafa. Abin ba ya cin kuɗi sai na ruwan sha da ɗan abin shiga Gidan Makama. A fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, a fi son lokacin hunturu, a kasa yara kashi-kashi don kada su toshe lungu. Na biyu, a koya wa yara ladabin shiga unguwar mutane, su yi sallama, su durƙusa wa dattawa, kada su leƙa gidan kowa, kada su ɗauki hoton mutum sai da izninsa, kuma in an je marina ko Kurmi a sayi ɗan wani abu, gama mai sana'a ba don kallo ya fito ba. Na uku, akawuna da malaman zaure, ku da Allah ya ba alkalami, ko wanenku ya zauna da dattijon unguwarsa ya rubuta asalin sunanta, da sana'arta, da malamanta na dā, da boko ko da ajami, ya ajiye. Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tafi kuwa ya tafi da littafinsa.

Da tsohuwar zuma a ke magani. Ina fata wani daga cikin masu karatu na Katsina ko Zariya ko Sakkwato zai taka nasa birnin, ya rubuto mana abin da ya gani a wannan fili, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana, ya ƙara wa jaridarka albarka, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Daurawa, Kano.