Labarun Duniya da Jarrabawar Aikin Gwamnati

Ya ku 'yan makaranta, mun sani da yawa daga cikinku burinsu shi ne in sun gama karatu su sami aikin Gwamnati. To, ƙofar shiga aikin nan jarrabawa ce, kuma bayan an shiga ma ba a rabu da ita ba, don ƙarin girma sai an sake zama an amsa tambayoyi. Masu nema suna da yawa, gurabe kuwa kaɗan ne, har tambaya ɗaya tak ta kan raba mutum da abincinsa. Mu malamai mun lura cikin darussan da a ke tambaya akwai ɗaya wanda yara su ke rainawa, shi ne kuwa ya ke kā da su, watau labarun duniya.

Abin da a ka saba yi shi ne, sai jarrabawa ta rage mako biyu, sa'an nan yaro ya ruga tashar mota ya sayi ɗan littafin nan na tambaya da amsa, ya shiga ɗaki ya yi ta haddacewa dare da rana. Ba mu ce littafin ba shi da amfani ba. Abin da ya ke zaunanne, kamar haɗa Kudu da Arewa a 1914, da samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, da barin fam da sule a kama Naira a 1973, da tashin Gwamnati daga Ikko zuwa Abuja a 1991, duk wannan littafi ya isar. Haka kuma adadin jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774, da kujeru 109 na Majalisar Dattawa, da 360 na Majalisar Wakilai. Amma fa littafi ranar da a ka buga shi ya ke tsayawa cik, duniya kuwa ba ta jiransa.

Ga misali. Wanda ya riƙe littafin da a ka buga a 2017, in an tambaye shi ranar bikin dimokuraɗiyya zai ce 29 ga Mayu, alhali tun 2018 a ka mai da ita 12 ga Yuni. In an tambaye shi taken ƙasa zai kawo wanda a ka soma rerawa a 1978, alhali a 2024 an komo ga na farko, wanda a ka shiga mulkin kai da shi. Yaron nan ya yi ƙoƙari, ya hana idonsa barci, amma ya haddace abin da ya shuɗe. Mai sayar da littafin kuwa ba ruwansa, wani ma bangon kaɗai ya ke sakewa ya rubuta sabuwar shekara.

Misalin da ya fi damunmu shi ne na Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a ke kira ECOWAS. An kafa ta a Ikko a 1975, zamanin Janar Gowon. Tun da Muritaniya ta fita a 2000 kowane ɗan makaranta ya san amsa ƙasashe 15 ne, har ta zauna a baki kamar karatun allo. Sai ga shi a watan Yuli 2023 soja suka tumɓuke Shugaba Bazoum a Nijar. Ƙungiya ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke mata lantarki. A watan Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita, fitar kuwa ta tabbata a Janairu 2025, saura ƙasashe 12. To, abin mamaki, sai ka sami yaro ɗan Illela ko Jibiya ko Maigatari, wanda ya ga manyan motoci jere a bakin iyaka da idonsa, wanda watakila gwaggonsa na aure a Ƙonni ko Maraɗi an yi watanni ba a ga juna ba, ya zauna gaban takarda ya rubuta 15. Me ya jawo haka? Ai don a ransa labarin da ya ke ji a kasuwa dabam ne, karatun jarrabawa kuma dabam. Bai taɓa tsammanin abin da ya sami garinsu shi ne darasin ba.

Saboda haka abin da mu ke gaya wa namu yaran shi ne, shirin wannan darasi ba na mako biyu ba ne, a kan ɗauki shekara ana yinsa kaɗan kaɗan. Kowa ya nemi littafin rubutu guda ya keɓe shi. Kullum in ya ji labaru a rediyo, ko ya sami jarida ko da ta jiya ce, ya rubuta abu biyu ko uku, da ranar da abin ya faru, da wurin, da wanda ya yi. Sa'an nan ya bar fili a ƙarƙashi ya rubuta dalili. Wannan filin shi ne muhimmi. Wanda ya rubuta cewa an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, ya yi rabin aiki. Wanda ya bi sawu ya gane yadda tsadar mai ta hau kan kuɗin mota, kuɗin mota ya hau kan mudun masara, shi ba zai manta da ranar ba, ko ta wace fuska a ka juyo masa tambaya.

Kada kuma a yi karatun nan ba taswira. Sunan gari in ba ka san inda ya ke ba, ba ya daɗewa a ka. Ko shekarun ƙirƙiro jihohi, da yara ke kuka da su, sun fi sauƙi ga mai duban taswira: Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Kowace ka san uwar da ta haife ta.

Akwai wani abu kuma na zamanin nan. Labari ya yi yawa a wayar hannu, gaskiya da ƙarya a kwano ɗaya. Mu dai ƙa'idarmu a aji ita ce, ba a shigar da labari cikin littafi sai an ji shi daga kafa biyu waɗanda a ka san su, gidan rediyo ko jarida mai suna. “An ce” ba ta cin maki.

Wani yaro zai ce, to malam, yanzu yawancin jarrabawar nan a kan kwamfuta a ke yi, amsa huɗu a ke jerawa ka zaɓi ɗaya, ina amfanin sanin dalili? Amfaninsa shi ne, masu shirya tambaya da gangan su ke sa tsohuwar amsa cikin huɗun nan, don su kama mai hadda. Bayan wannan kuma akwai ganawa baki da baki, inda manya za su zaunar da kai su ce ka yi bayani, a nan kuwa babu zaɓi huɗu. In ma an tsallake duka, aikin kansa yana nan yana jira. Akawun da bai san an sake doka ba, talakan da ya zo gabansa da takarda shi ke shan wahalar jahilcinsa, ya yi ta zirga-zirga a kan abin da ba laifinsa ba.

In jarrabawa ta rage mako guda, a buɗe littafin nan daga farko, a bi sunayen masu riƙe da muƙamai ɗaya ɗaya, ministoci da gwamnoni da shugabannin majalisu da Babban Jojin ƙasa, a tabbata kowa yana nan a kujerarsa. Wanda a ka sauke ko ya rasu, a ja layi a kan sunansa da fensir, a rubuta na magajinsa da ranar da ya hau.