Maƙwabcinmu na Gindin Randa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

A yau ina so mu yi magana a kan wani maƙwabci wanda kusan kowa a cikinmu ya tashi tare da shi, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dube shi da idon basira, wato kwaɗo. Mun san shi a karin magana, muna cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Mun san shi a bakin kwata da bayan ɗaki. Sai dai abin da yakan samu daga gare mu shi ne tsaki, ko ƙyama, ko kuma jifa daga hannun yara.

A gidan da na girma akwai wani kwaɗo da ya mai da gindin randar mahaifiyarmu mazauninsa, saboda danshin da ke wurin. Da rana ba ka ganin komai nasa sai idanu. Da an yi sallar magariba an kunna fitila a tsakar gida sai ya fito a hankali, ya zauna inda haske ya faɗa, yana jiran ƙwari. A daren da shinge ya tashi kuwa, to ranar bikinsa ce. Mahaifiyarmu ba ta taɓa yarda a taɓa shi ba, takan ce mana: "Ku bar shi, ai ba ya cin tuwon kowa." Daga baya na fahimci cewa aiki ma yake yi mana, domin abincinsa gara ne da gyare da tururuwa da buzuzu.

Ya ɗan'uwa mai karatu, dubi yadda aka ƙera wannan halitta. Kwaɗo ba ya kurɓar ruwa da baki. Fatar cikinsa ce ke tsotse shi, shi ya sa yake neman wuri mai laima ya kwanta. Ta fatar kuma yake yin wani ɓangare na numfashinsa. Harshensa a gaban baki yake manne, don ya iya cilla shi waje ya cafko ƙwaro. In zai haɗiye abinci sai ya runtse idanu, su nutsa ciki su taimaka wajen tura loma. Kumburin nan biyu da ke bayan idanun kwaɗon gida suna fitar da wani ruwa mai dafi da ke hana dabbobi cinsa, don haka wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu.

Kukan da ke cika dare bayan ruwan farko na mazan ne, suna kiran mata, kuma kowane jinsi da irin muryarsa. Kwaɗon gida yakan zuba ƙwansa a ruwa a jere kamar zaren carbi. Daga nan talibambam ke fitowa, mai wutsiya, yana numfashi a ruwa tamkar kifi. Sai ƙafafun baya su tsiro, sannan na gaba, wutsiyar ta shige jiki, ya hau tudu ya zama wata halitta dabam. Duk wannan yana faruwa a kududdufin da muke wucewa muna toshe hanci. Da rani kuma wasu jinsunan sukan binne kansu a ƙasa, su lulluɓe jiki da saɓar fatarsu, su yi watanni ba ci ba motsi har sai ruwa ya sauka. Subhanallah!

Kwaɗo yana da wani ɗan'uwa da ake kira salamanda, mai siffar ƙadangare amma da fata mai laushi da danshi. Ba a samunsa kudu da Sahara. A nahiyarmu sai a ƙasashen Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ya fi kuma yawa a Amurka da Turai da Asiya. Allah Ya ba shi baiwar sake tsirar da ƙafa in ta yanke. 'Yan'uwanmu da ke karatu a waɗancan ƙasashe za su iya cin karo da shi a ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce bayan ruwan sama.

Addininmu bai bar wannan halitta a wulaƙance ba. Allah Ya ambaci kwaɗi a Suratul A'araf, aya ta 133, cikin ayoyin da Ya aika wa mutanen Fir'auna. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman (RA) cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sanya kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. Baihaƙi kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr (RA) cewa kukan kwaɗi tasbihi ne. Malamai sun yi saɓani a kan cinsa, Malikiyya sun halatta, mafi yawan sauran sun hana. Amma babu wanda ya halatta a kashe shi don wasa.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? A shekarar 2023 masana suka wallafa wani babban bincike a mujallar Nature a kan jinsuna sama da 8,000 na dangin kwaɗo da salamanda, suka gano cewa kashi 41 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa. Daga cikin dalilan akwai rasa matsuguni, da sauyin yanayi, da wata cutar fata da ta yi musu mummunar ɓarna a nahiyoyi da dama. A nan gida ma muna gani da idonmu: ana cike kududdufai ana gini, ana zuba baƙin mai da ruwan batir a kwata, ana wanke tankin feshi a bakin fadama. Halittar da ke sha da fatarta guba na iya shigarta ta fatar. Idan unguwa ta yi shiru da daren damina, to wataƙila ruwan da ke ƙarƙashin gidajenmu ne ya fara lalacewa, kuma daga shi rijiyoyinmu suke sha.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kaɗan. In ka ga ƙanenka na jifar kwaɗo, ka riƙe hannunsa da lallashi, ka gaya masa hadisin nan. In ya shigo ɗaki, a sa tsintsiya a raka shi waje a hankali. In ya faɗa bokiti ko rami, a jingina masa kara ya hau. Sannan a daren da aka yi ruwa, ka ajiye waya na minti 10, ka fita ƙofar gida ka saurara, ka ƙirga muryoyi nawa za ka iya rarrabewa. Za ka yi mamakin yawan maƙwabtan da kake da su.

Allah Ya sanya mu cikin masu tunani a kan halittunSa, masu jin ƙan na ƙasa da su.