Ɗan dashen murjani da ya cinye mana aikin wata takwas

Kafin mu zo karatu Malesiya, in aka ce murjani, abin da muka sani shi ne jan dutsen nan da kakanninmu mata ke sa wa a wuya ranar biki. Sai da aka kai mu tsibirin Redang a shekararmu ta farko a sashen kimiyyar teku, muka leƙa ƙarƙashin ruwa, sannan muka yarda cewa murjani dabba ce mai rai. Dubban ƙananan halittu ne suke zaune wuri guda, suna gina wa kansu ƙashi da irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. A cikin jikinsu kuma akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa musu abinci daga hasken rana.

Mu uku ne a ɗaki, kuma duk mun dawo da zance ɗaya: sai mun yi namu ɗan tekun. Ɓallo murjani a Redang laifi ne, doka ta hana, don haka saye za mu yi. Muka rage cin nama, muka haƙura da sabuwar waya, har muka haɗa akwatin gilashi mai cin lita 60 da fitilarsa da injin kaɗa ruwa. Ruwan ma haɗa shi ake yi: gishirin teku na musamman kimanin giram 35 a kowace lita, zafinsa kuma kada ya yi nisa da digiri 25 ko 26.

Ba lallai ne a sayi murjani babba ba. Kamar yadda manomi ke yanko karan rogo ya dasa, haka masu wannan sana'a ke yanko ɗan reshe, bai fi ɗan yatsa ba, su liƙa shi da gam a kan wani ɗan mazauni na yumɓu. Su suna ce masa firag, mu a ɗakinmu dashe muke cewa. Wanda muka fi ji da shi wani ne mai suna Montipora, mai ruwan lemo, da ke girma faranti-faranti. Mun sayo shi kamar kwabo, cikin wata takwas ya kai faɗin tafin hannu. Har hotonsa muke tura wa gida, ƙannenmu suna tambaya ko naman kaza ne.

Tun farko mun san ƙa'ida, kuma muna bin ta. Sabon dashe ba ya shiga babban akwati kai tsaye. Sai an tsoma shi cikin ruwan magani na 'yan mintoci, an fesa masa ruwa da sirinji don abin da ya maƙale ya faɗo, an ɗauraye, sannan a killace shi a wani ƙaramin akwati daban na tsawon mako huɗu zuwa shida, ana maimaita wankan kowane mako. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kaza ɗaya daga kasuwa ke ƙarar da kajin gida ya san dalili.

Sai ga wani dashe kore da muka samu da araha a wani shago a Kuwala Lumfur. Lokacin jarrabawa ne, ƙaramin akwatin kuma fitilarsa ta mutu. Muka yi masa wankan magani, muka zuba ido cikin roba, ba abin da ya faɗo sai 'yar ƙura. Ɗayanmu ya ce, "Kai, wannan ai tas yake." Sauran biyun ba wanda ya musa. Daga baya mun so mu ɗora masa laifin, amma gaskiya hannu uku ne suka sa dashen nan a ruwa.

Abin da muka manta, ko muka yi kamar mun manta, shi ne maganin yana kashe ƙwaron da ya riga ya fito ne kawai. Ƙwai ba ya jin sa. Shi ya sa ake maimaita wankan mako-mako: kana jiran ƙwan ya ƙyanƙyashe ne, ka kashe ɗan kafin shi ma ya girma ya yi nasa. Kuma ƙwan ba a saman murjani yake ba inda kowa ke kallo. Yana ƙarƙashi, a bakin gam, a cikin ramukan mazaunin yumɓun. Da mun ɓalle dashen daga tsohon mazauninsa mun jefar, mun goge gindinsa da buroshin haƙori, mun duba da gilashin ƙara girma, wataƙila da labarin ya sha bamban. Aikin minti goma ne.

Bayan kamar mako uku muka ga gefen babban farantinmu ya yi fari. Muka zargi fitila, muka zargi gishiri, muka canza ruwa. Farin ya ci gaba da ci. Wani dare wajen ƙarfe biyu, muna tsakiyar karatu, muka haska tocila ta ƙarƙashi, sai ga su: wasu 'yan fararen halittu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, bayansu da tsiro-tsiro kamar gashi. Dangin dodon-koɗi ne marasa ƙoƙo, kuma wannan irin ba ya cin komai sai Montipora. Da rana suna ɓuya, da dare su fito kiwo. Farin da muke gani ƙashi ne tsirara, an cinye naman.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Mako shida muna ciro kowane Montipora, mu wanke, mu kankare ƙwai, mu mayar. Yau ka ce sun ƙare, jibi ka ga uku. Mun yi faɗa a kan wanda zai tashi duba dare, har kwana biyu biyu daga cikinmu ba sa magana. A ƙarshe muka yanko ɗan gefen da ya rage da lafiya, bai fi farcen babban yatsa ba, muka kai shi ƙaramin akwatin da muka gyara wa fitila. Sauran muka ciro muka shanya, ba mu zuba ko ɗigon ruwan a magudanar da ke kaiwa teku ba. Babban akwatin muka bar shi wata uku ba Montipora ko ɗaya, don duk wanda ya ƙyanƙyashe yunwa ta kashe shi.

A kan hanya mun koyi sunayen sauran baƙin da ke biyo dashe. Akwai tsutsa mai faɗi da ke cin Acropora, launinta ya saje da na murjanin har sai ka ga tabon cizonta kafin ka gan ta. Akwai Aiptasia, mai kama da 'yar bishiyar dabino, wadda ke harbin maƙwabtanta, in ka yanka ta kuma ƙaruwa take yi. Sannan ba ƙwari kaɗai ne abin tsoro ba: wasu murjanai masu taushi, dangin Palythoa, suna ɗauke da dafi mai ƙarfin da kan kai mutum asibiti, don haka ba ma taɓa su sai da safar hannu da tabarau.

Ɗan farcen nan ya rayu. Yanzu ya kusa kai bakin kofin shayi. Makon jiya mun sayo wani sabon dashe, shuɗi, tsadarsa ta sa mun koma cin taliyar leda. Yana can cikin ƙaramin akwati a kan sabon mazauni, mun manna takarda a jikin gilashin muna jan layi kowace safiya. Yau layi tara.