Lasifika Biyu da Muryar da Ke Tsakaninsu

Akwai wani ƙorafi da masu na'urar sinimar gida kan yi, kuma kalmominsa kusan iri ɗaya ne ko daga bakin wa ya fito. Idan aka sa fim, falo yakan girgiza, jirgi ya wuce ta bisa kai, harsashi ya gifta ta bayan kunne. Amma da zarar an sa waƙa sai komai ya dagule: ganga ta koma gurnani, muryar mawaƙi ta rasa wurin tsayawa. Mutum ya zuba kuɗi masu kauri a kan lasifika shida, ga shi kuwa yana jin tsohuwar rediyo mai kaset ta fi su daɗin waƙa. Abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne komawa kasuwa. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina sauraron kiɗa da irin wannan na'ura, na tsaya a kan cewa kasuwa ita ce zangon ƙarshe, kuma wanda ya fara da ita yakan sayo abin da ba shi ne matsalarsa ba.

Kafin a gane dalili, sai an san cewa sitiriyo wata dabara ce ta yaudarar kunne. A shekarar 1931 wani injiniyan kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya nemi rajistar fasahar naɗar sauti ta hanyoyi biyu, hagu da dama. Tushenta shi ne cewa idan sauti guda ya fito daga lasifika biyu da ƙarfi ɗaya, ya kuma iso kunnuwa a lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa ba ta jin abu biyu. Takan ɗauka yana fitowa ne daga tsakiya, inda babu komai sai iska. A ƙara wa hagu ƙarfi kaɗan, sai sautin ya matsa hagu. Da wannan ne mai haɗa sauti a situdiyo yake jera makaɗa a gabanka, mai jita a nan, mai ganga a can, mawaƙi a tsakiya. A 1933 masu bincike na Bell a Amurka sun aika kiɗan ƙungiyar makaɗan Filadelfiya zuwa wani zaure a Washinton ta wayar tarho, kuma hanyoyi uku suka yi amfani da su, har da ta tsakiya. Amma lokacin da sitiriyo ya shiga gidaje a 1958, faifan garmaho ne ya kawo shi, shi kuwa layin da allura ke bi a jikin faifai bango biyu gare shi. Ɗaya ya ɗauki hagu, ɗaya ya ɗauki dama. Tun daga nan aka ci gaba da naɗar yawancin kiɗan duniya domin lasifika biyu da mutum ɗaya da ke zaune daidai tsakaninsu.

Sinima ba za ta iya dogara da wannan yaudara ba, domin akasarin 'yan kallo ba a tsakiya suke zaune ba, kuma wanda ke gefe zai ji muryar jarumi tana fitowa daga lasifikar da ta fi kusa da shi. Shi ya sa aka kafa lasifika ta gaske a tsakiya domin magana, aka ƙara na gefe da baya domin kewaye ɗan kallo. Fim ɗin Star Wars na 1977 ya yaɗa tsarin Dolby mai hanyoyi huɗu, sannan a 1992 Batman Returns ya fito da Dolby Digital, wato tsarin 5.1 da ya cika falukanmu: lasifika biyar da kuma wufa, akwatin nan mai fitar da kaurin sauti. A fim, ta tsakiya da wufa ne ke ɗauke da nauyi mafi yawa, ido kuma yana taya kunne aiki. Idan aka kashe talabijin aka sa waƙa, nauyin duka yakan koma kan lasifika biyu na gaba, waɗanda a tsarin da ake sayarwa cikin kwali guda ba su wuce girman sabulun wanki ba, an kuma manna su a jikin talabijin ko an rataye su can kusa da silin.

Saboda haka gyaran farko a rimot yake. Akwatin da ke karɓar hoto da sauti ya rarraba su, wanda ake kira risiba, yana da salon sauraro iri-iri, kuma da yawa ana barin sa a kan wanda ke watsa waƙa zuwa dukkan lasifikoki. Wannan yana da amfani ranar suna ko walima, inda ake so sauti ya cika ɗaki, amma yana rushe jeren da aka gina a situdiyo. A mayar da shi kan Stereo. Risibobin Denon da Marantz da Yamaha suna da wani salon kuma mai suna Pure Direct, wanda ke kauce wa sarrafa sauti gaba ɗaya. Masu sha'awar kiɗa suna yabonsa ƙwarai, sai dai a na'urori da dama yakan kashe wufa tare da gyaran da aka yi wa amon ɗaki, don haka mai ƙananan lasifikoki zai ji waƙa ta rame. Shi Stereo ya fi dacewa da shi.

Sai wurin ajiya, wanda a nan ne na fi son mai karatu ya ɓata lokaci. Ƙa'idar ita ce lasifika biyu da kan mai sauraro su zama kamar duwatsun murhu, tazarar da ke tsakanin kowanne biyu daidai take. Idan mita 2 ne tsakanin hagu da dama, to mita 2 ne daga kowace zuwa kujera. Ƙaramar lasifikar da ke saman akwatin, mai fitar da siririn sauti, ta kasance daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, a kuma ɗan karkato akwatunan su fuskanci kujerar. Awo a nan ba tsanani ba ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma bambancin lokaci kamar wannan ya isa ya janye muryar mawaƙi daga tsakiya zuwa lasifikar da ta fi kusa. Taku guda na ɗan ƙaramin yaro ke nan.

Hanyar gwaji da na fi amincewa da ita tsofaffin waƙoƙinmu ne. Da yawa daga cikin abin da aka naɗa na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ta hanya ɗaya aka ɗauke su, wato mono, kuma wannan rashi nasu ya zama alheri ga mai gyaran lasifika. Tunda abu guda ne ke fita hagu da dama, dole murya da kuntigi su dunƙule wuri ɗaya a tsakiya, siriri kamar mutum na tsaye a gaban talabijin. Idan muryar ta karkata gefe, akwai lasifikar da ta fi kusa ko ta fi ƙara. Idan ta bazu ko'ina, ba a iya nuna ta da yatsa, kaurin sautin kuma ya zube, a duba wayoyin baya: an juya ja da baƙi a ɗaya daga cikin lasifikokin, ɗaya tana tura iska yayin da ɗayar ke janye ta. Bayan an daidaita wannan sai a sa faifan da aka naɗa da sitiriyo na sosai. Ni nakan sa Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, na 1994, in saurari ko kowace jita ta sami nata wurin zama.

Falona mita 4 ne a faɗi, 5 a tsawo, bangon bulo da filasta, ƙasan tayil, kamar dubban faluka a garuruwanmu. Irin wannan ɗaki yana da sanyi lokacin bazara, amma ba ya shan sauti ko kaɗan, mayar da shi yake yi. A tafa hannu sau ɗaya a tsakiyarsa, za a ji wani ƙaraurawa na bin bayan tafin. Abin da ke isa kunne rabinsa daga lasifika ne, sauran daga tayil da bango da gilashin teburin tsakiya, kowanne ya makara kaɗan, su taru su dushe hoton. Kafet mai kauri tsakanin kujera da lasifikoki, labule mai nauyi a taga, kantar littattafai a bangon gefe, kushin na yadi maimakon na leda: waɗannan sun canja sautin falona fiye da duk wani akwati da na taɓa jonawa. Kaurin sauti kuma nasa sha'anin daban ne, labule ba ya taɓa shi. Kowane ɗaki yana da amon da yake kumburawa gwargwadon girmansa. A raba 343 da ninki biyu na tsawon bango, za a sami adadin kaɗawar iska a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz. A falona lissafin ya ba da Hz 43 ta faɗi da Hz 34 ta tsawo, kuma a jikin bango da kusurwoyi ne waɗannan amo suka fi taruwa. Mu kuwa al'adarmu ita ce jingina kujeru da bango domin a bar fili a tsakiya. Gurnanin da ake ɗora wa wufa laifinsa, sau da yawa kujerar ce ke zaune a cikinsa.

Falo dai ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai uwargida da tsarin da take so, akwai yara masu guje-guje, akwai baƙi. Sulhun da muka yi a gidana shi ne 'yan alamomin salatif a kan tayil. Idan dare ya yi, gida ya yi tsit, nakan janyo lasifikokin rabin mita daga bango zuwa kan alamarsu, in matso da kujera ɗaya gaba, in kashe fanka idan zafi ya bari. Da na gama sai kowa ya koma mazauninsa.

Game da wufa, ina cikin masu ganin a bar ta ta yi aiki ko a waƙa, muddin an ladabtar da ita. Ma'aunin da THX ya yaɗa shi ne a miƙa mata duk abin da ke ƙasa da Hz 80, domin a wannan zurfi kunne ba ya iya gane inda sauti ke fitowa. Matsalar ƙananan lasifikokin cikin kwali ita ce ba sa iya sauka can, sai a bar wa wufa har sama da Hz 150, inda ƙasan muryar namiji yake, shi ya sa ake jin rabin mawaƙi yana fitowa daga kusurwar ɗaki. A rage ƙarfinta har sai an daina lura da ita, sai in an kashe ta a ji an yi rashi. Wajen nema mata wuri akwai wata dabara mai ban dariya amma mai aiki: a ɗora ta a kan kujerar sauraro, a sa waƙa mai kauri, mutum ya bi gefen bango da rarrafe har ya sami inda amon ya fi tsabta, sai ya ajiye ta a nan. Gara a yi wannan lokacin da surukai ba sa gida. Daga nan a sake auna ɗakin da makirfon da ya zo tare da risiba, ko Audyssey ne tsarin ko YPAO ko Dirac Live.

Idan an yi duk wannan kuma har yanzu kunne bai gamsu ba, to lokacin kashe kuɗi ya yi, kuma lasifika biyu na gaba ne suka cancanci kaso mafi tsoka. Floyd Toole, wanda ya shafe shekaru yana bincike a Cibiyar Bincike ta Ƙasa ta Kanada kafin ya koma kamfanin Harman, ya nuna cewa idan aka ɓoye lasifika a bayan labule, mutane sukan yi ittifaƙi a kan wadda ba ta fifita wani amo a kan wani, kuma ganin suna da farashi yana karkatar da hukunci. Darasin da na ɗauka shi ne in je shago da waƙar da na sani kamar tafin hannuna, in saurara a ƙarfi ɗaya, domin wadda ta fi ƙara kullum takan yi kamar ta fi kyau. Kada adadin wat ya ruɗi kowa. Ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 80 zuwa 160 desibel 3 kacal yake ƙarawa, alhali sai an kai wajen desibel 10 kunne ke jin ƙara ta ninka. Lasifikar da ke ba da desibel 90 da wat ɗaya ta riga ta ba ka wannan ribar a kan mai ba da 87, ba tare da an sayi komai ba. Dubban wat ɗin da ake bugawa a jikin kwali da haruffan PMPO kuwa ado ne kawai. Haka nan wayar lasifika: jan ƙarfe mai kauri na kasuwa ya wadatar. Abin da ya fi waya muhimmanci shi ne asalin waƙar, domin fayil ɗin da aka matse, aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu a WhatsApp, babu lasifikar da za ta dawo masa da abin da ya zubar.

Amfilifaya ta sitiriyo ita ce ta ƙarshe, kuma ba kowa ke buƙatarta ba. Ta fi amfani ga mai manyan lasifikoki masu om 4 da ke wahalar da risiba, ko mai babban ɗaki. Sharaɗinta shi ne risibar ta kasance tana da mafitar da aka rubuta wa Pre Out, amfilifayar kuma tana da mashigar HT Bypass. Sai a jona lasifika biyu na gaba da sabuwar amfilifaya, na'urar waƙa ta shiga cikinta kai tsaye, risiba tana kashe. Ranar kallon fim, risiba ta karɓi ragamar ƙara, amfilifayar ta zama ma'aikaciyarta a hagu da dama. Mai niyyar sayen ta hannu ya juya bayanta ya karanta kafin ya biya: kayan da aka ƙera domin Amurka wutar bolt 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce, don haka sai da taransifoma mai rage wuta, a kuma haɗa da sitabilaiza saboda hawa da saukar da wutarmu ke yi.