Abin da fitilar inji ke faɗa

Da asubahin wata ranar hunturu, a wani ƙauye da ke arewa da Yusufari, wata tsohuwar Land Cruiser ta ƙi tashi. A bayanta akwai akwatin sanyi cike da allurar rigakafi, ƙanƙarar da ke cikinsa kuwa tana narkewa a hankali. Tun yammacin jiya fitilar gargaɗin inji take kunne. Yaron mota ya ɗauko sufana zai kwance kan batir, domin ya saba ganin ana kashe fitilar ta haka. Direban, wani dattijo da ya daɗe yana ratsa rairayin nan, ya riƙe masa hannu.

"Dakata, yaro. Bari mu ji abin da take faɗa tukuna."

Dattijon yana da hujja. Duk lokacin da kwamfutar inji ta ga wani saƙo ya kauce wa ƙa'ida, takan ajiye lamba a ƙwaƙwalwarta. Cire batir yana goge lambar, ya bar cutar a inda take.

A motocin zamani na'ura ake jonawa a karanta lambobin, ta soket mai ramuka 16 na tsarin OBD-II, wanda ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka daga 1996. Kafin nan kowane kamfani da tasa hanyar. Ta Toyota, a injinan fetur irin su 1FZ-FE mai lita 4.5, ba ta buƙatar komai sai guntuwar waya. A ƙarƙashin bonet akwai ɗan akwati mai murfi, sunayen ramukansa na rubuce a cikin murfin. Ana haɗa ramin TE1 da na E1, a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da an tayar da inji ko an taka totur ba. Daga nan fitilar gargaɗi za ta fara ƙiftawa.

Idan ta yi ta ƙiftawa bai-ɗaya babu tsayawa, kwamfutar ba ta riƙe da wani ƙorafi. Idan akwai, sai ta ƙirga shi: ƙiftawar farko ita ce adadi na farko, ta ɗan tsaya daƙiƙa ɗaya da rabi, sannan ta ba da na biyu. Lamba 21 ta shafi na'urar auna iskar oksijin a hayaƙi, 41 ta shafi mai lura da buɗewar totur, 42 kuma mai auna gudun mota.

A wannan safiya fitilar ta ƙifta sau biyu, ta tsaya, ta sake biyu. Lamba 22 ke nan: layin na'urar da ke sanar da kwamfuta zafin ruwan inji. Idan saƙonta ya yanke, kwamfutar takan ɗauka inji ya riga ya ɗumama, sai ta hana shi ƙarin man da yake buƙata don tashi cikin sanyi. Shi ya sa motar ta yi tafiya lafiya jiya da rana, yau kuma ta ƙi.

Jami'ar lafiyar da ke jagorantar tafiyar ta tambaya, "Baba, ke nan sai mun aika Gashuwa a sayo sabuwa?"

"A'a, Hajiya. Unguwa ta faɗa mana, ba ta faɗi gida ba."

A nan masu mota da yawa ke asarar kuɗi. Lambar tana nuna layin da saƙo ya ɓace, kuma layin ya haɗa da na'urar, da wayarta, da mahaɗarsu. A motar da ta shafe kusan shekara 30 tana shan girgiza da ƙura, waya da mahaɗa ya kamata a fara dubawa.

Dattijon ya bi wayar da yatsa har ya iske mahaɗar ta saki, ga tsatsa a bakinta. Ya kankare, ya matse ta. Bayan ya rubuta 22 a bayan wata takarda, ya zare guntuwar wayar, ya cire fis ɗin EFI na kamar rabin minti domin goge lambar, ya mayar. A murɗawa ta biyu inji ya kama, fitilar ta mutu. Ya miƙa wa yaron takardar, ya ce ya ajiye ta, in fitilar ta dawo a hanya su ga ko lambar ɗaya ce.