Mun Yi Mata Kirari, Ba Mu San Aikinta Ba



A wani zaman ƙungiyarmu, ana gab da Ranar Mata ta Duniya, aka ba mu aikin gida: kowa ya rubuto shafi ɗaya a kan Hajiya Amina Mohammed, Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Mako ya zagayo muka hallara, kowa ya karanta nasa. Wannan ya ce gwarzuwa, wancan ya ce tauraruwa, wata ta ce fitilar matan Arewa. Muna ta tafa wa juna.

Da muka gama, sai wata dattijuwa daga cikin iyayen ƙungiya ta gyara zama ta ce, "Sannunku 'ya'yana. To amma idan ta shiga ofis da safe, me take yi?"

Ɗakin ya yi tsit. Mun cika shafuka da yabo, babu ɗayanmu da ya san aikin da ake yabon a kansa. Kunyar ranar ce ta tura mu bincike.

Ashe ba daga Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ba. An haife ta a 1961 a Ingila, mahaifinta ɗan Gombe ne, a Arewa ta tashi. Daga 1981 ta yi shekara goma a kamfanin zanen gine-gine, sannan a 1991 suka kafa kamfanin Afri-Projects ita da abokan aikinta, ta riƙe muƙamin darakta wajen shekara goma. Wato kafin ta zauna da shugabannin ƙasashe, ta daɗe tana fama da kwangila da kasafi da albashin ma'aikata.

A 2005 ƙasashen da ke bin Nijeriya bashi suka yafe mata dala biliyan 18. Aka ware kimanin dala biliyan ɗaya duk shekara domin ayyukan Muradun Ƙarni, kuma ofishin Amina ne ke kula da su. Nan jikinmu ya yi sanyi, domin mun sha wuce ƙananan asibitoci da rijiyoyin burtsatse masu allon MDGs a garuruwanmu, ba mu taɓa tambayar daga ina kuɗinsu ya fito ba.

A 2012 Ban Ki-moon ya ɗauke ta mai ba shi shawara, ta kasance cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar sasanta ƙasashe 193 har suka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa a 2015. Ta dawo gida ta yi ministar muhalli, a 2017 ta kama aikin da take kai. A shekarar ce wata ƙungiyar kare muhalli ta zarge ta kan takardun izinin fitar da itacen madobiya zuwa ƙasar Sin lokacin tana minista, ita kuwa ta musanta. Ko wannan babu wanda ya ambata a cikinmu, saboda mai kirari ba ya son jin abin da zai rage masa armashi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tafiyarta Afganistan a watan Janairun 2023, bayan Taliban sun hana mata shiga jami'a da yin aiki a ƙungiyoyin agaji. Ta je Kabul, ta je Kandahar, ta zauna da su ido da ido, ta shaida musu ita ma Musulma ce kamarsu. Ta dawo ba a janye haramcin ba.

Ku duba wannan da idon marubuci. Mace ta shiga ɗakin da ba a maraba da ita, ta faɗi hujjarta, ba a karɓa ba, gobe kuma dole ta koma bakin aiki. Da mu ne muka ƙirƙiri labarin, da kafin shafi ya ƙare mun sa mazan nan sun fashe da kuka sun tuba.

Nan muka gano ciwonmu. Mu duba littattafan da muke rubutawa. Mukan ce tauraruwarmu likita ce ko manajar banki ko jakadiya, amma ba ma nuna ta tana duba marar lafiya, ko tana ƙin sa hannu a takardar da ba ta yarda da ita ba. Ofishinta wurin da saurayi zai zo ya same ta ne kawai. Ƙannenmu mata da ke karanta mu a waya suna ganin motar da lifayar, ba sa ganin shekara ashirin ɗin da aka yi ana koyon aiki. Mu da muka sha wahalar difloma, muka san yadda ake kwana a kan lissafi ɗaya, bai kamata mu ɓoye musu wannan ba.

Mun yi wa kanmu alkawari. Duk wanda zai ba tauraruwarsa sana'a, ya nemi mai irin sana'ar ya zauna da ita, ya tambaye ta ranar da ta fi shan wuya a wurin aiki, da shawarar da ta yanke ta hana ta barci. Malamar asibitin unguwarku ta isa, shugabar makarantar firamarenku ta isa.

Shafukan nan namu mun sake rubuta su. Da muka kai wa dattijuwar ta karanta, sai ta ce, "Yauwa, yanzu na ga mutum."

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.